Man Shanu A Cikin Gahawa: Abin Da Ya Faru Da Ni A Ikko

  Yau wani ɗan labari nake tafe da shi na abin da ya faru da ni kaina, ba a bakin wani na ji ba. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta shi domin akwai abin kunya a ciki, to amma makon jiya na zauna a teburin mai shayin unguwarmu, na ji wasu samari biyu suna yi wa juna tallar abin da ya kusa kai ni ƙasa, sai na ga shirun nawa ba shi da wani amfani.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata ba ta wuce biro da littafi ba. Tun shekarar 2003 da na sauka Ikko nake riƙe wa wani dillalin kayan gwari lissafi a kasuwar Mile 12. Motoci su taso daga Kadawa ko Ɗanja ko Zariya, su yi tafiyar kusan kilomita 1,000, su iso cikin dare, ni kuma in tsaya da tocila ina ƙirga kwandunan tumatur da ake saukewa. In rubuta na wane nawa ne, nawa suka lalace a hanya, nawa aka sayar kuɗi hannu, nawa aka ɗauka bashi. Manomin da ya ɗora kayansa yana can Arewa, bai san komai ba sai abin da birona ya rubuta. Ka ga ke nan amana ce zalla, kuma jarina a wannan aiki shi ne kaina. In kai ya ɗauki zafi, to shi ke nan.

A lokacin kakar tumatur, ƙarfe biyu da rabi na dare nake barin gida a Agege, ba na dawowa sai bayan la'asar. Kafin in gama da yara da baƙi da zaman majalisa, ƙarfe goma da rabi ta yi. In an yi lissafi, barcin awa huɗu nake samu, wata rana ma bai kai ba. Shekara da shekaru ina haka, har ina alfahari da shi, ina ce wa yara mu ba barci muka zo yi Kurmi ba.

A farkon shekarar 2022, wata asuba motoci uku suka iso mana lokaci guda. Cikin hayaniyar 'yan dako da masu saye, na ɗauki kwando 40 na wani bawan Allah na rubuta su a shafin wani. Aka sayar, aka tura kuɗi Arewa yadda littafina ya nuna. Sai bayan mako guda mai kayan ya bugo waya yana rantsuwa cewa an ci masa haƙƙi. Da muka buɗe littafi, ga kuskuren nan ɓaro-ɓaro da rubutun hannuna. Maigidana bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Shi ya cika wa mutumin kuɗinsa daga aljihunsa, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ko dai shekaru ne suka fara taɓawa? In aikin ya yi maka yawa ka gaya mini, in samo yaro ya riƙa kama maka." Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Shekara 19 ina riƙe da littafin nan ba a taɓa kama ni da kuskuren kwando ɗaya ba, yau ga shi ana maganar a samo mini yaro. Kowa ya san ma'anar wannan magana a kasuwa: yau yaro mai kama maka, gobe kai ne mai kama wa yaro.

Akwai ɗan yayana da yake zaune a wurina yana karatu a nan Ikko. Da ya ga na shiga damuwa, sai ya zo da wayarsa ya ce, "Baffa, ai Turawa sun gano maganin wannan abin tun tuni." Ya nuna mini wani bidiyo, ana zuba man shanu a cikin gahawa ana markaɗawa har ta yi kumfa. Ya ba ni labarin wani Ba'amurke mai suna Dave Asprey, wanda ya je yawon hawan duwatsu a Tibet a shekarar 2004, sanyi da gajiya suka galabaitar da shi, aka ba shi shayin mutanen wurin mai haɗe da man shanu, ya ji ya wartsake. Da ya koma gida sai ya yi ta gwaje-gwaje, a 2009 ya fitar da nasa haɗin: gahawa, da man shanu marar gishiri cokali ɗaya ko biyu, da wani tataccen mai da ake cirewa daga kwakwa, wanda suke kira MCT. Ya sa masa suna Bulletproof, ya kafa kamfani a kai, abin ya watsu a Amurka da Turai. Masu tallarsa suna cewa yana buɗe ƙwaƙwalwa, yana sa mutum ya tattara hankalinsa wuri ɗaya tun safe har rana ta take.

Mai karatu, ba zan ɓoye maka ba, dariya na fara yi, sannan wani irin daɗi ya kama ni. Man shanu fa! Abin da muka tashi muna ganin matan Fulani suna kawowa ƙofar gida, dunƙule-dunƙule yana yawo a saman nono a cikin ƙwarya. Abin da mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, take soyawa da albasa, ƙamshinsa ya cika gida, ta ɗiga mana a kan tuwo da miyar kuka. Yau shi ne Bature ya sa wa suna yake sayarwa da tsada? Na ce ai ko wannan magani namu ne, gado ne, babu abin da zai yi mini sai alheri. Da a ce wani ƙwayar magani yaron ya kawo mini, da na yi tambaya kafin in sha. Amma da yake man shanu ne, ko tambaya ɗaya ban yi ba.

Gwajin farko abin dariya ne. Soyayyen man shanun da ke kicin na ɗebo na zuba a cikin Nescafe, sai ga gahawa tana warin albasa, mai kuma ya taso sama ya kwanta kamar na miya. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, yanzu kuma miya ake sha a kofi?" Ban kula ta ba. Na sa wani direba da ke zuwa mana daga Kano ya taho mini da ɗanyen man shanu mai kyau a cikin roba, na sayi man kwakwa a kasuwa tunda wancan na Turawa ya fi ƙarfin aljihuna, na ari maburgin uwargida na riƙa burgawa har ya haɗe ya yi fari-fari. To nan fa abu ya yi daɗi. Kullum kafin in fita, cokali biyu na man shanu, cokali ɗaya na man kwakwa, gahawa mai ƙarfi.

Gaskiya ɗaya ce, makonnin farko na ji canji. Idona a buɗe, yunwar ƙarfe tara da ta saba damuna ta ɗauke, lissafi yana tafiya daidai. Na zama mai wa'azin abin a kasuwa. Na kai robar man shanuna wurin mai shayinmu ya ajiye mini, abokan aiki suka fara kwaikwayo, waɗanda ba su samu man shanu ba suka riƙa cewa a zuba musu Blue Band, wanda shi ba ma man shanu ba ne, daga man tsirrai ake yin sa. Kofi ɗaya ya koma biyu, biyu ya koma uku, har da na la'asar in na ji jiki ya yi nauyi. Azumin shekarar, da ya kama a watan Afrilu, da shi na riƙa yin sahur. Kuma ka san halinmu da shayi: ba na sha sai na zuba sukari da madarar gwangwani, ga burodin Agege da wainar ƙwai a gefe. Yaron ya gaya mini su Turawan ba sa sa sukari, kuma a madadin karin kumallo suke shan sa, ba ƙari a kansa ba. Na ce masa su suka sani.

Bayan kamar wata huɗu sai jiki ya fara magana. Wandunana suka matse. In na kwanta ƙarfe goma da rabi, sai in daɗe idona biyu, zuciya tana bugawa kamar ana daka. Barcin awa huɗun nan ya koma uku. Ƙeyata ta riƙa ciwo. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mantuwar da na gudu ta dawo, har ta fi ta da: sai in ƙirga layin kwanduna in kai ƙarshe, in rasa nawa na ce. Ni kuma maimakon in tsaya in yi tunani, sai in ƙara cokali. Wata asuba na taka bayan mota zan leƙa kaya, jiri ya ɗebe ni, Allah Ya sa wani ɗan dako ya tare ni kafin in kai ƙasa. Maigidana da kansa ya sa ni a mota zuwa asibiti.

Likitar wata dattijuwa ce Bayarabiya mai haƙuri. Ta auna jinina ta ce ya hau sosai, ta sa aka ɗebi jini aka gwada, sakamako ya nuna maiƙon da ke cikin jinin, wanda suke kira kolestarol, ya wuce inda ake so. Ta tambaye ni abin da nake ci, na zayyana mata har da haɗin nawa, ina jiran ta yaba. Sai ta ɗauki biro ta ce, "Alhaji, an ce kai mai lissafi ne, to zo mu yi lissafi." Babban cokali ɗaya na man shanu yana da kalori kusan 100, da giram 7 na kitse mai daskarewa, wato irin wanda yake yin ƙarfi in ya huce. Cokali ɗaya na man kwakwa kalori kusan 120 ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nasa irin wannan kitsen ne. Ke nan kofina ɗaya ya haura kalori 300, da kitse mai daskarewa giram 25, tun ba a sa sukari da madara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa shawararta ita ce kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake ci a yini, wanda ga matsakaicin mutum bai wuce giram 22 ba. Ta ce, "Kofi ɗaya ya cinye maka rabon yini guda, kai kuma uku kake sha, sannan ka ci tuwo da nama." Na dubi takardar nan na rasa bakin magana. Ni da nake ƙirga kwandon mutane, ban taɓa ƙirga cokalin da nake zuba wa cikina ba.

Ba ta ɗora wa man shanu laifin komai ba. Ta ce hawan jinin akwai shekaru a ciki, akwai gishiri, akwai ƙiba, akwai yawan gahawa, uwa uba akwai rashin barci. Sai na yi mata tambayar da ke cina: to wartsakewar da na ji a farko fa, ƙarya ce? Ta ce ba ƙarya ba ce, amma ba daga man take ba. Abin da ke buɗe ido a cikin gahawa wani sinadari ne mai suna kafeyin. Mai kuwa aikinsa shi ne ya daɗe a ciki, ya jinkirta yunwa, shi ya sa na daina jin cikina yana kuka da hantsi. Amma cewa zuba mai yana ƙara wa lafiyayyen mutum kaifin tunani fiye da abin da gahawar kaɗai za ta yi, ta ce masu bincike ba su samu wata ƙwaƙƙwarar hujja a kai ba.

Bayanin da ta yi mini a kan kafeyin shi ne ya fi zama mini a rai, domin ya yi kama da abin da na sani a kasuwa. Tun daga lokacin da mutum ya farka, akwai wani sinadari mai suna adinosin da yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne yake sa a ji gajiya da barci, kuma barci ne yake share shi. Kafeyin ba ya share shi, toshe ƙofar da yake shiga kawai yake yi na ɗan lokaci. Kamar mai bin ka bashi ne ya zo yana sallama, kai kuma ka sa sakata ka yi shiru. Bashin yana nan, gobe ma zai dawo, kuma ya ƙaru. Bugu da ƙari, kafeyin yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, ke nan kofin da nake sha bayan la'asar yana nan a jinina lokacin da na kwanta. Gwargwadon da masana suke ganin babu laifi ga baligi mai lafiya shi ne miligiram 400 a yini, kamar kofi huɗu na gahawa, mai juna biyu kuwa rabin haka. Amma wanda jininsa ya riga ya hau, ko zuciyarsa take bugawa, lissafinsa daban ne. Baligi kuma yana bukatar barcin aƙalla awa bakwai. Ni ina yin uku, ina neman cikon huɗun a cikin kofi.

Da na samu sauƙi na sa yaron nan ya nemo mini labarin mutanen Tibet ɗin sosai. Ashe ƙasarsu tudu ce da tsayinta ya haura mita 4,000 daga teku, babban birninsu Lhasa ma yana kan mita 3,600 da wani abu. Sanyi ne mai fasa leɓe, iska ba ta da yawa, abin nomawa kaɗan ne. Suna kiwon wata irin saniya mai dogon gashi da ake kira yak, su dafa ganyen shayi ya dahu sosai, su zuba man wannan saniya da gishiri, su kaɗa a cikin wani dogon bututun katako. A wurinsu wannan shayi abinci ne na makiyayin da zai yini yana hawa da sauka a cikin ƙanƙara, jikinsa yana ƙona duk abin da ya sha. A Habasha ma, inda gahawa ta samo asali, akwai ƙabilu irin su Gurage da suke sa man shanu da gishiri a cikin gahawarsu, al'ada ce ta kaka da kakanni. Su duk ba don su ci jarrabawa ko su riƙe lissafi suke sha ba. Ni kuwa ina Ikko a bakin teku, zufa tana karyo mini tun asuba, mafi yawan yinina a kan benci, na ɗauko abincin mutumin kan dutsen ƙanƙara na ɗora a kan burodi da sukari. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

Abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne, wannan kafeyin da na je nema wurin Bature, iyayenmu sun san shi tun kafin a haife mu. Shi ne a cikin goro. Goron nan da ake nomawa a ƙasar Yarabawa, wanda fataucinsa ya zaunar da kakannin da yawa daga cikinmu a Sabon Shagamu da sauran zangunan Kurmi. Tsoho zai ɓare goro ya ci ɓari guda in zai yi tafiyar dare ko karatu, amma ban taɓa jin wanda ya ce goro yana maye gurbin barci ba. In rana ta take, za ka gan shi ya shimfiɗa buzu a rumfa ya yi ƙailula. Mu ne muka zo muka ɗauki goron muka bar ƙailular.

Yanzu ga yadda nake. Ina shan maganin hawan jini kullum, kuma likita ta ce kada in daina don na ji sauƙi. Shayi kofi ɗaya da asuba, sukari kaɗan, bayan azahar kuwa ba na kusantar gahawa ko goro. Na rage zaman majalisar dare, ƙarfe tara ina kan gado, abokai sun yi tsegumi sun gaji. In kasuwa ta lafa da hantsi, ina shiga bayan rumfa in kwanta minti 20 ko 30. Kuma na karɓi yaron da maigidana ya ce zai samo mini. Shi yake ƙirgawa da baki, ni ina rubutawa, in mun gama mu haɗa. Ashe ba kujerata ya zo ƙwacewa ba, girman kai ne kawai ya hana ni gani. Kuɗin kwando 40 ɗin nan na biya maigidana kaɗan-kaɗan har na gama, tun daga lokacin kuma littafina bai sake cin haƙƙin kowa ba. Man shanu ma ban rabu da shi ba, yana nan a kan tuwo ranar Juma'a, ɗan cokali guda, inda mahaifiyata take sa shi. Na gane cewa rabin abin da ya ja ni ga wancan kofi kewar gida ce. In ƙamshin ya bugi hancina da tsakar dare a Agege, sai in ji kamar ina tsakar gidanmu. Wannan kuwa ba laifi ba ne, amma ba magani ba ne.

Kirana ga 'yan'uwa shi ne, musamman direbobinmu masu dogon zango, da masu gadi, da masu acaba, da ɗalibai masu karatun dare. Mu mutanen Kurmi kusan duk bashin barci ne a kanmu, domin mun zo nema, kuma akwai bakuna da yawa a gida da suke jiran abin da za mu aika. Shi ya sa duk wanda ya zo mana da abin da zai hana ido rufewa muke rububinsa, yau man shanu a gahawa, gobe lemon gwangwani mai sa kuzari, jibi kuma ƙwaya, Allah Ya kiyaye. Ni kuskurena kwando 40 ne, an biya an wuce wurin. Direban da barci ya sace shi a kan hanyar Ikko zuwa Badun da mota cike da kaya da mutane, nasa kuskuren ba a biyan sa. In kana sha'awar man shanu a shayinka don daɗin baki, kuma lafiyarka ƙalau, sha abinka jefi-jefi. Amma in ka haura shekara 40, ko akwai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya a gidanku, je a auna ka tukuna, awon jini ba ya ɗaukar minti biyar. In kuma mantuwa da nauyin kai ne suke damunka, kafin ka tambayi me za ka sha, fara ƙirga awa nawa ka yi barci jiya.

Samarin nan biyu na teburin mai shayi, na ba su wannan labari daga farko har ƙarshe. Ɗaya ya yi shiru, ɗayan ya ce, "Baba, ai ku jikinku ne ya tsufa." Na yi dariya, domin ni ma abin da zan faɗa ke nan a shekarunsa. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya a inda muke, Ya sa mu koma gida da ƙafafunmu. Sai mun sake haɗuwa.

Wassalam. Naku, daga Agege, Ikko.